Katako Gaba, Fenti Baya: Yadda Ake Daidaita Launin Ƙofa da Taga da Kayan Katako a Ɗakunan Danchadi

A Danchadi da garuruwan da ke kewaye da ita, daga ɓangaren Boɗinga har zuwa Shagari, da zarar an kawar da amfanin gona kuɗi ya shigo hannu, sai aikin ɗaki ya tashi. Wannan zai aurar da ɗiya, wancan ya gama sabon gini yana son tarewa, wani kuma tsohon ɗaki yake son gyara wa uwargida. Mai walda ya kafa ƙofa da taga, mai fenti ya zo ya shafe su da launin da ya samu a shago, sannan ranar jere a sauke gado da sif da kwaba daga wurin kafinta. Sai a ranar ake lura cewa ƙofa shuɗiya ce shar, kwaba ja ce wur, bango kuma ruwan hoda. An kashe kuɗi, kowane ma'aikaci ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ɗaki bai kwanta wa ido ba.

Laifin ba na mai fenti ba ne shi kaɗai, ba kuma na kafinta ba. Matsalar ita ce ba a san wanda zai shige gaba ba. Ƙa'idar da wannan jagora ta tsaya a kanta guda ce: a fara tsai da launin katako, sannan fenti ya bi shi. Fenti ana sake shi cikin yini biyu da galan ɗaya. Katakon da ya sha rini kuwa, sai an kankare shi har tsoka kafin ya canza, wani ma ba zai koma yadda yake ba har abada.

Abin da za a shafa wa fenti da abin da za a bari

A ɗakunanmu abubuwa uku ne ke zagaye kayan katako. Na farko firam ɗin ƙofa da na taga tare da ƙyaurensu, waɗanda a yankin nan galibi na ƙarfe ne saboda gara da tsaro. Na biyu siketin, wato layin da ke bin gindin bango, ko na katako ko kuma wanda aka ja da fenti mai mai a kan siminti. Na uku zagayen silin, inda bango ya haɗu da rufi. Waɗannan su ake shafa wa fenti.

Kwaba, sif, kan gado, teburin madubi da kabad ɗin kicin su ne ake rinawa a bar jijiyar katako tana bayyana. Matsayinsu a ɗaki kamar na babbar riga ne da aikin wuyanta: shaddar ake fara saya, sannan a je wurin mai ɗinki a zaɓi zaren da zai hau ta. Ba wanda ke sayen zare ya tafi kasuwa neman shaddar da za ta dace da shi.

Idonmu ma ya riga ya saba da wannan haɗi. Duk wanda ya shiga tsohon soro ya ga azarar giginya mai duhu a jere bisa bangon da ya sha farar ƙasa, ya ga yadda itace da shafe ke ƙawata juna in kowanne ya tsaya a matsayinsa.

Fara da sanin katakonka

Yawancin katakon da ake samu wurin 'yan katako a Sakkwato daga kudu ake kawo shi, daga dazukan Ondo da Edo da Kuros Riba da makamantansu. Kowane iri da launin da ke ɓoye a jikinsa, kuma wannan launin ne zai yanke hukunci a kan fenti.

Madaci da sauran dangin mahogani suna da ja a ciki, kuma jan yana ƙara nuna da shekaru. Dogon yaro da ke cike da garuruwanmu ɗan wannan dangi ne, shi ya sa katakonsa ke da ja-ja, ƙwari kuma ba su cika damunsa ba. Loko, wanda 'yan katako ke kira iroko, idan sabon yanka ne ruwan ɗorawa yake, amma haske na mayar da shi ruwan ƙasa mai duhu cikin 'yan watanni. Wanda ya zaɓi fenti da launin sabon loko, zai ga lissafi ya canza kafin shekara ta zagayo. Tik ruwan zuma ne mai maiƙo. Mansoniya ruwan ƙasa ne mai duhu da ke karkata zuwa toka. Afara da obece da melina farare ne, masu sauƙin kuɗi da sauƙin aiki, sai dai afara da obece gara da ƙwari na son su ƙwarai. Madobiya kuwa, mai kyan jijiya, saran da aka yi mata don kaiwa Sin ya yi yawa har aka saka ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ke sa wa ido tun 2017. Bai kamata mu ƙara mata nauyi don kwalliyar ɗaki ba.

Akwai kuma allunan masana'anta. Filawud mai fatar katako a sama yana karɓar rini, amma fatar siririya ce, in aka matsa mata da samfefa sai ta huje. Allon MDF da HDF mai rufin roba da aka zana wa jijiyar itace ba ya shan rini ko kaɗan. Launin da ka gani a shago shi ne launinsa har ya tsufa. Wannan ma ya ƙara tabbatar da ƙa'idar: tunda allon ba zai canza ba, fenti ne zai bi shi.

Hanya mafi sauƙi ta gane launin da ke ɓoye a katako ita ce a goge wani ɓangare da samfefa, a shafa masa ɗan ruwa ko tina, a ɗora farar takarda a gefensa. Jiƙaƙƙen wurin zai nuna yadda katakon zai kasance bayan banish, takardar kuma za ta tona ko ja ne a cikinsa, ko ɗorawa, ko toka.

Kada a yi aiki da ɗanyen katako

Katakon da ya fito daga kudu ya saba da iska mai laima. A can, ko ya bushe, ruwan da ke jikinsa kan kai kashi 15 cikin 100 ko fiye. A nan kuwa, a tsakiyar hunturu, laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20, katako kuma ya yi ta zubar da ruwansa har ya sauko kusan kashi 5. Yayin da yake bushewa yana tsukewa ta faɗi, ba ta tsawo ba. Sakamakon shi ne abin da kowa ya sani: ƙyauren kwaba ya kantare, mahaɗa ta buɗe baki, wani farin layi ya bayyana a gefen allo inda rini bai shiga ba.

Don haka a sayi katako da wuri. A jera shi a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa, a sa ƙananan sanduna tsakanin allo da allo don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama. Allo mai kaurin inci ɗaya na bukatar makonni, mai kauri fiye da haka watanni. Kada a shanya shi a rana, tsagewa zai yi. Uban da ya san zai aurar da ɗiya da kaka, tun bazara ya kamata ya yi magana da kafinta. Sauri ya haifi nawa.

Ƙura biyu da ke zaɓar mana launi

Littattafan kwalliyar gida na Turai da Amurka sukan ce farin fenti tas a gefen katako mai duhu shi ne ƙarshen kyau. A ƙasarsu gaskiya ne. Mu kuwa muna zaune da ƙura iri biyu. Akwai ta hunturu, mai haske kamar toka, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ita ce ke kwanciya a kan kwaba mai duhu da sheƙi, a goge da safe, kafin azahar a rubuta suna a kanta da yatsa. Akwai kuma ƙasar tsakar gida da ta hanya, mai ja-ja, wadda ƙafa da tsintsiya da hannun yara ke kai wa siketin da bakin ƙofa. Ita ce ke mayar da farin fenti abin tausayi cikin wata guda.

Abin da wannan ke koya mana shi ne a guji gefe biyu. Kada katako ya yi baƙi ƙirin, kada fenti ya yi fari fat, musamman daga gwiwa zuwa ƙasa. Matsakaicin launi shi ne ke jure zaman Danchadi.

Yadda ake haɗa su

Katako mai ja, kamar madaci da dogon yaro, ya fi dacewa da ruwan madara, ko ruwan toka mai ɗan ɗumi, ko kore mai sanyi irin na ganyen da ya fara bushewa. Kore da ja kishiyoyi ne, don haka kore mai laushi yana fito da jan katako, amma kore shar zai sa su yi faɗa. A guji ruwan hoda da ruwan goro, domin suna cinye jan katakon su bar shi kamar datti.

Katako mai ruwan zuma, kamar tik da afarar da aka rina sama-sama, yana son fari mai ɗan madara, ko shuɗi mai duhu, ko toka mai karkata zuwa shuɗi. Ruwan ɗorawa a gefensa kuskure ne, ɗakin zai zama kamar an zuba masa manja a ido. In ana son shuɗin da mutanenmu ke ƙauna a ƙofar ƙarfe, wannan ne katakon da ke ɗaukarsa, da sharaɗin a karya shuɗin da ɗan baƙi ko toka.

Katako mai duhu, kamar mansoniya da tsohon loko, yana bukatar haske a gefensa: ruwan madara, ruwan yashi, ko toka mai haske. In aka haɗa shi da ƙofa ruwan makuba a ɗaki mai taga ɗaya, ɗakin zai ƙuntata ya yi duhu ko da rana tsaka.

Babban kuskuren da aka fi yi shi ne neman fenti ruwan ƙasa wai don ya yi daidai da kwaba. Ba zai taɓa yin daidai ba. Katako yana da jijiya da zurfi, fenti kuwa shafe ne kawai, in suka tsaya kusa da juna sai fentin ya zama kamar jabun katakon. Ko dai a bambanta su sosai, ko a rina firam ɗin katako da rini ɗaya da kwabar.

Launi uku sun isa ɗaki. Masu wannan sana'a suna da ma'auni mai amfani: kusan kashi 60 na abin da ido ke gani ya zama launin bango da silin, kashi 30 na katako, kashi 10 na ƙofa da taga da siketin. A kuma tuna da abin da zai shigo daga baya. Ɗakin amarya zai cika da labule da zanin gado da leda ko kafet da kwanonin jere masu ƙyalli. Su ne za su kawo ado. In bango da ƙofa suka riga suka cika hayaniya, jeren ba zai fito ba.

Siketin yana da nasa hukunci. Ya fi bango duhu da mataki ɗaya ko biyu, tsayinsa inci 4 zuwa 6, kuma kada ya zama launi ɗaya da gindin kwaba. Zagayen silin kuwa a bar shi fari ko launin silin, tunda hannu da ƙafa ba su kai can.

Allon gwaji

Gani ya kori ji. Kafin a sayi galan, a nemi guntun katakon da za a yi aikin da shi, kamar kamu ɗaya. A goge shi, a raba shi gida uku. Gida na farko a shafa rini sau ɗaya, na biyu sau biyu, na uku a bar shi da launinsa, sannan a bi duka da banish. A samu kuma guntun filawud ko kwali mai kauri, a shafa launukan fenti biyu ko uku, kowanne shafi biyu, a bar su su bushe, domin ɗanyen fenti ba ya nuna ainihin launinsa.

A kai su cikin ɗakin da za a yi wa aiki, ba ƙofar shago ba. A jingina su a bango a tsaye, gefe da gefe, yadda kwaba da firam za su tsaya. A duba da hantsi, a duba da la'asar, a duba da dare a hasken ƙwan da za a riƙa kunnawa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin yawancin ƙwayayen sola da fitilun caji da ke gidajenmu masu farin haske ne mai shuɗi-shuɗi, waɗanda aka rubuta wa 6500K. Irin wannan haske yana kashe jan madaci ya mayar da ruwan madara kamar toka. Ƙwai mai lamba 2700K zuwa 3000K yana ba da haske mai ɗumi da ke raya katako.

A wurin wannan gwaji ne ake raba gardama. Za ka ji uwar amarya ta dage tana cewa, "Malam, ɗiyata hwari taka so." Kafinta mai basira ba zai yi musu da ita ba. Zai ɗebo ƙasar tsakar gida ya murza a kan farin da kuma ruwan madarar, ya goge da tsumma, ya ce, "Hajiya, duba da kanki." Abin da ya rage a kan farin ya isa bayani. Kuma in da hali a kira wadda za ta zauna a ɗakin ta gani da idonta, ita ce za ta kwana ta tashi da launin.

Lokacin aiki

Lokaci mafi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya sauka sosai, wato Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, laima na hana fenti mai mai bushewa da wuri, banish ɗin feshi kuma yakan yi fari-fari kamar gajimare. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: a share ɗaki, a yayyafa ruwa a ƙasa, a rufe tagar da iska ke shigowa, a bar ɗaya ta gefen da iska ba ta bugawa. Da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Maris zuwa Mayu, a yi aiki da sassafe. Ƙofar ƙarfen da rana ta gasa ba ta karɓar fenti, saman zai bushe cikin bai bushe ba, daga baya ya yi ƙuraje.

Sabon filasta a ba shi aƙalla mako 4. Siminti ɗanye yana da kaifi irin na kanwa wanda ke narkar da fenti mai mai, shi ya sa ake ganin siketin na sabon gini yana saɓulewa.

Aikin katako, mataki-mataki

Na ɗaya, magani. A shafa wa bayan kwaba da ƙafafunta da cikin firam maganin gara irin su Solignum, a bar shi ya bushe sarai. Baƙin mai na mota da wasu ke shafawa yana hana rini da fenti kamawa, yana kuma wari a ɗaki. Kada ya kusanci fuskar da za a rina.

Na biyu, guga. A fara da samfefa mai lamba 80 in katakon na da kaushi, a koma 120, a ƙare da 180 ko 220. A riƙa bin jijiya kullum. Karcen da aka yi a gicciye ba ya ganuwa sai rini ya hau, sannan ya fito baƙi. A kankare duk gam ɗin da ya tsiyayo a mahaɗa, domin rini ba ya ratsa shi. Ramin ƙusa a cike shi da garin katakon nan da aka kwaɓa da ɗan gam.

Na uku, rini. Farin katako irin afara da obece yana shan rini wuri-wuri, wani gefe ya yi duhu wani ya yi haske. Maganinsa a fara shafa sila, wato shafen share fage na banish, da aka tsinka sosai, a goge sama-sama, sannan a sa rini. A shafa da tsumma, a jira 'yan mintuna, a share ragowar. A riƙa gama fuska ɗaya kafin a tsaya. Bakin allo, inda aka yanke jijiya, ya fi ko'ina sha, a rage masa. Loko da tik a fara goge su da tina don a cire maiƙonsu, in ba haka ba banish zai daɗe yana danƙo.

Na huɗu, rufi. Sila shafi ɗaya ko biyu, a goge da samfefa 320, sannan banish shafi biyu ko uku marasa kauri. A shafe ciki da waje da bayan ƙyaure. Allon da aka rufe fuska ɗaya aka bar ɗaya yana shan laima ta gefe guda, ya lanƙwashe. A zaɓi banish mai matsakaicin sheƙi, domin mai ƙyalli sosai yana tona ƙura da zanen yatsa.

Duk wannan a yi shi a shagon kafinta ko a wani ɗaki dabam. Tinar banish ɗin feshi tana da ƙarfi, in ta sauka a kan sabon fenti mai mai sai ya yamutse.

Aikin fenti, mataki-mataki

A fara daga sama a sauko: silin, bango, taga da ƙofa, siketin a ƙarshe. Ƙarfe a kankare masa tsatsa da burushin waya, a goge maiƙo da baƙin walda, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa. Firam ɗin katako a shafa masa fentin shimfiɗa, a cike ramuka da foti, a goge. Sannan fenti mai mai shafi biyu, a bar awa 16 zuwa 24 tsakaninsu ko yadda aka rubuta a jikin gwangwani. Shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri da zai yi hawaye. In za a sa launi mai haske a kan jan shafen ƙarfe, sai an shiga tsakani da farin shimfiɗa, in ba haka ba jan zai leƙo.

A sani cewa farin fenti mai mai yana komawa ɗorawa-ɗorawa a wurin da haske ba ya kaiwa, kamar bayan ƙofa da bayan sif. Wannan ma dalili ne na zaɓar ruwan madara tun farko.

Lissafin sayayya ba shi da wuya. Lita ɗaya ta fenti mai mai tana shafe kimanin murabba'in mita 10 zuwa 12. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da faɗi, da ƙofa ɗaya da taga ɗaya da siketin, bai wuce murabba'in mita 9 ba. Shafi biyu zai ci kusan lita 2, ke nan galan mai lita 4 ya isa ɗaki biyu. In haɗa launi za a yi da hannu, a haɗa wanda zai isa aikin duka lokaci ɗaya, a ajiye ragowa a kwalba mai murfi don gyara. Ba a maimaita haɗi ya fito daidai.

Inda fenti ya haɗu da katako, kamar kabad ɗin kicin da aka kafa a bango, a gama banish tukuna, ya bushe, a liƙa salatif na takarda a bakin katakon, a danne gefensa da farce, a yi fenti, a cire salatif ɗin kafin fentin ya ƙame. In fenti ya ɗiga a kan banish ana share shi nan take. In ya ɗiga a kan katakon da ba a rufe ba, ya shige jijiya ke nan.

A bar ɗaki ya sha iska kwana biyu ko uku kafin a shigo da kaya. Fenti mai mai yana bushewa a hannu cikin yini, amma ƙarfinsa na ɗaukar mako ɗaya ko fiye. A ɗaga kwaba da sif daga ƙasa kamar inci 4, a bar tazarar yatsa biyu tsakaninsu da bango. Ruwan wanke ɗaki yana kumbura MDF, gara kuma ta bayan kaya take hawa inda ido ba ya kaiwa.

Lafiya

Wasu fentuna masu mai, musamman tsofaffi masu launin ɗorawa da ja, suna ɗauke da dalma. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a gaya musu sharrin dalma: a 2010 ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ma'aunin dalma da ba ya cutarwa a jikin yaro. Saboda haka kada a kankare tsohon fenti a bushe yara na wasa a wurin. A jiƙa shi, a tattara ɓawon a zubar nesa da rijiya da dabbobi, a wanke hannu kafin cin abinci. A nemi fentin kamfanin da aka sani, mai rubutu da hatimi a jikin gwangwani.

Kada a tsinka fenti da fetur, kada a yi aiki kusa da murhu ko risho. Tsumman da ya sha mai ko banish kada a dunƙule shi a jefa lungu, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. A baza shi a waje ya bushe ko a tsoma shi a ruwa. Mai guga ya rufe hanci da baki, musamman a kan mansoniya da loko, waɗanda ƙurarsu ke sa atishawa da ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi. Mai ciki da jariri kada su kwana a ɗakin da ke warin fenti.

Jinga da kulawa

Kafin a biya kafin alƙalami, a zaunar da kafinta da mai fenti wuri ɗaya, allon gwaji a gabansu. A faɗi sunan katako, da yawan shafi, da wanda zai sayi kaya, da ranar gamawa, a gaban shaida. A raba allon biyu, mai gida ya riƙe rabi. Ranar karɓar aiki shi ne alƙali. Kuma a biya ma'aikaci haƙƙinsa yadda zai iya yin shafi uku ba tare da ya tsinka fenti ya zama ruwa ba. Araha ba ta ado.

Bayan an tare, katako ba ya son komai sai tsumma mai laushi, busasshe ko mai ɗan danshi. Ba a wanke shi da omo, ba a shafa masa kananzir don ƙyalli. A sa labule a tagar da rana ke bugo kwaba. A nisanta kaskon turaren wuta daga jikin banish. Ƙofa da siketin a goge su da ruwan sabulu kaɗan, a sake musu shafi ɗaya duk bayan shekara biyu ko uku. Da farkon damina a janye kaya a leƙa baya ko gara ta fara gini.

Ɗan'uwa mai shirin gyaran ɗaki, da ke uwar ɗiya mai shirin jere, kada ku sayi fenti sai kun riƙe guntun katakon a hannunku, kun kai shi cikin ɗakin, kun dube shi dare da rana. Ku kuma kafintoci da masu fenti na Danchadi da Boɗinga da Shagari, ku riƙa tuntuɓar juna kafin kowa ya buɗe gwangwaninsa. Ɗaki ɗaya kuke yi wa aiki, kuma sunanku duka ne a kansa.